Masu Kala a Gonar Kakana

Na Allah muke, kuma wurinsa za a mai da mu, da wanda muka so da wanda muka kasa so.

Kakana, mahaifin babana, ya rasu a Malanville, garinmu da ke bakin gulbi kan iyakar Nijar, ƙarshen damina, shinkafarsa ta nuna a gona ba a kai ga yanka ba. Ina lakwal, wato makaranta, a Kandi saƙo ya iske ni. Na samu motar albasa da ke komawa babu kaya, amma kafin in iso an riga an kai shi makwancinsa. Zaman makoki na tarar. Na zauna cikin gida tare da mata, bayana jingine da zanar da ta raba mu da rumfar maza, don haka maganganun ɓangarorin biyu duk sun shiga kunnena.

Wani ɗan kasuwa daga Kabi, wanda ke sayen shinkafa a hannunmu, ya ce bai taɓa ganin tsoho mai fara'a irin marigayi ba. Wani maƙwabci ya ce ko ƙuda bai taɓa ɓata wa rai ba. Dalage, wato wakilin juyin juya hali na unguwarmu, ya gyara murya ya ce mun rasa uban talakawa, kamarad na gaskiya tun kafin a san kalmar. Kowa ya ce amin, aka shafa. A ɓangarenmu kuwa wata mata ta sunkuyo kusa da 'yar'uwarta, ta ce da Dandanci, yaren yankin, a hankali, wai unguwa ta huta. Ita kaɗai ce ta faɗi abin da ke zuciyarta a ranar.

Kakana ba shi da fara'a. Ya ɓata wa mutane rai, kuma da gangan. Dalagen nan kuwa sun shekara da shekaru ba su gaisa ba. Na lura cewa hanya mafi sauƙi ta manta mutum ita ce a yabe shi da halin da ba nasa ba, a binne shi karo na biyu a ƙarƙashin yabon. Shi ya sa nake rubuta wannan.

Da hantsi wasu mata suka iso, suka tsaya a inuwar dogon yaro da ke ƙofar gida. Zannuwansu sun koɗe, wasu da goyo. Ba wanda ya miƙa masu tabarma. Baffana, babban ɗan marigayi, ya leƙo daga rumfa ya ce wa wani yaro a gaya masu sadaka sai ranar bakwai. Tsohuwar da ke gabansu, wata Bazabarma mai tafiya da sanda, ba ta jira yaron ba.

"Ba sadaka munka zo ba, mai gida. Gaisuwa munka zo. Ya haƙuri?"

"Da godiya," in ji Baffa, bai dube ta ba.

"Allah shi jiƙan shi. To yaushe za a yanka?"

Baffa ya juyo da kunnensa na dama wajenta, don na hagu ba ya ji. Ta maimaita.

"In anka yanka za ku ji kukan shanu, Inna," ya ce. "Na yi magana da Bafillace. Randa anka kwashe dami, ranar shanu za su shiga. Wanda ke tsaya maku ya tahi."

Sai ya koma rumfa ya ci gaba da amsa gaisuwa.

Matan nan masu kala ne. Idan masu yanka suka wuce da lauje suka ɗaure damuna, akwai zangarniyar da ke zubewa ƙasa, akwai wadda lauje ya tsallake, akwai tsabar da ke kakkaɓewa. Matan da ba su da gona, zawarawa da tsofaffi da baƙi, su ne ke bin sawu da ƙwarya suna tsinta. A da duk fadamar gulbi haka ake yi. Daga baya masu gonaki suka gane cewa makiyayi zai ba da rago a bar shanunsa su shiga da wuri, ga kuma taki kyauta. Ɗaya bayan ɗaya suka rufe. A hanyar Garou, a ɓangarenmu, gonar kakana ce kaɗai ta rage da ake barin mata su gama kafin shanu.

Dokarsa ba ta da wuya. Abin da ya faɗi daga hannun mai yanka ba a komawa a ɗauka. Ba a shimfiɗa buhu a ƙarƙashin dami don tare tsaba. Shanu ba sa shiga sai mace ta ƙarshe ta fita da ƙafarta. Ya riƙe wannan tun kafin a haife ni, ya riƙe shi lokacin farar hula, ya riƙe shi da soja suka karɓi mulki, kuma bai taɓa neman shawarar kowa a kai ba.

Ba malami ba ne. Da ƙuruciya ya ɗan zauna gaban wani malami a ƙetaren gulbi, bai yi nisa ba aka dawo da shi gona. Abin da ya rage masa daga zaman nan labaran annabawa ne, kuma a cikinsu magana ɗaya ya fi maimaitawa. Yakan faɗe ta a bakin gona, yana wasa lauje da dutse, ko da mai sauraro ko babu.

"Ba annabin da anka aiko bai bar ma mutanenshi albishirin ga ba. In zalunci ya cika ƙasa har ya rasa wurin zama, za a kawo mai adalci. Ba shi gajiya, ba a sayen shi, ba shi da ɗan'uwa. Kuna zaton bariki za shi fara? Bakin gona za shi fara. Shi iske wadda ke tsaye da ƙwarya, shi ce mata, mai gonar ga, yaya yake? Abin da ta ce, shi ke nan."

Wani lokaci ya ƙara da cewa Allah ya san mai ƙarfi zai kula da kansa, shi ya sa tausayinsa ya karkata wajen wanda in ya faɗi babu mai ɗaga shi. Mutane da yawa sun san wannan albishir, har a wa'azi akan ambace shi. Bambancin shi ne su suna jin sa kamar labarin wani zamani mai nisa. Kakana yana maganarsa kamar baƙon da ke kan hanya, wanda zai iya sauka kafin a gama yankan bana.

Limamin unguwarmu ya taɓa yi masa nasiha bayan la'asar, a gaban mutane. Ya ce kala al'ada ce mai kyau, amma ba farilla ba ce, kuma wanda ya fitar da zakkarsa ya sauke nauyi.

"Tsoho, kana ɗora ma kanka abin da ba a ɗora maka ba. Iyalinka ma suna da hakki."

"Zakka cikin nawa nake fiddawa, malam," in ji kakana. "Wanga ba nawa ba ne. Ni ban buɗe hannun mai yanka ba. Wanda ya buɗe shi ya san ko don wa."

Ya saka takalmansa ya tafi, bai jira amsa ba. Haka yake yi wa kowa. Idan aka gaishe shi yakan ce "lafiya" sau ɗaya, sauran gaisuwar mai yi ya ƙarasa shi kaɗai. Shi kaɗai yake cin abincinsa. Goronsa ba ya rabawa. Maroƙi bai taɓa tsayawa ƙofarsa sau biyu ba. Ranar da zan tafi Kandi karatu na je yi masa sallama, ya dube ni ya ce, "Yi karatunki, amma kada ki dawo ki karanta mani."

Su masu kalar ma ba su ji daɗin bakinsa ba. Wata baƙuwa da ba ta san shi ba ta durƙusa tana masa godiya, ƙwaryarta cike. Ya daka mata tsawa. "Tashi. Ni na ba ki? In kin sake gode mani kada ki dawo." Yakan kira su ragwaye idan suka makara, ya ce tsuntsaye sun fi su sanin hakkinsu. Wata da ya kama tana zare zangarniya daga damin da aka riga aka ɗaure, ya kore ta, ya ce kada ya ƙara ganinta sai baɗi, ko da yake kowa ya san tana da yara. Akwai kuma wani ɗan ƙwadago mai tausayi da yake sakin shinkafa da gangan don matan su samu. Kakana ya bi bayansa yana kallon ƙasa, sannan ya karɓe laujen daga hannunsa. "Da nawa kake kyauta?" ya ce, ya sallame shi rana tsaka. Ba ya rage masu ko tsaba ɗaya, ba ya ƙara masu ko tsaba ɗaya. Na daɗe ina tunanin yadda tausayi da irin wannan taurin suka zauna a ƙirji ɗaya, har yau ban gama ba.

Wanda ya fara biyan kuɗin wannan hali Baffa ne.

Shekarar da fari ya koro mutane daga Nijar, ina ajin farko na kwaleji. Mata suka yi ta ƙetaro gadar iyaka suna neman abin kai wa baki, labarin gonarmu kuma ya kai masu. A shekarar masu kala sun fi masu yanka yawa. Da yamma a gan su jere a kan gada, kowace da ƙwarya a ka, suna komawa. A lokacin hukuma ta hana fitar da abinci daga ƙasa. Wani da bai so mu da alheri ba ya kai ƙara cewa gidanmu fasa-ƙwauri yake yi, wai muna raba shinkafa ƙwarya ƙwarya mu ba mata su wuce duwan, wato kwastan, da ita.

Dalage ya zo har gona. Ya fara da lallashi. Ya ce juyin juya hali ma don talaka aka yi shi, amma akwai tsari, talakan ƙasa shi ne farko. Ya ce kakana ya hana matan ƙetare shiga, magana ta mutu.

"Yunwarsu ta nuna maka takarda a kan gada?" in ji kakana. "Adalcinku na da ofis, kamarad, ana buɗewa ana rufewa. Wanda nake jira ba shi rufewa."

Washegari jandarma suka zo. Sun ji kunyar ɗaukar tsoho mai furfura, sai suka ɗauki babban ɗansa. Aka aiko cewa in tsohon ya zo ya yi alkawarin rufe gonar, za a saki ɗan nan take. Babana ya je ya roƙe shi. Matar Baffa ta zube gabansa da jariri a hannu. Liman ya zo da kansa. Kakana ya saurare su duka, ya ɗauki laujensa ya tafi gona. Ya ce in ya yi alkawarin ya yi ƙarya ko ya yi zalunci, kuma ɗansa namiji ne mai ƙarfi, yana da masu kai masa abinci.

Baffa ya zauna kaso, wato kurkuku, har aka gama yanka, matan suka gama tsinta, babu sauran abin da za a hana. Sannan aka sake shi. Ya dawo ya rame, kunnensa na hagu yana fitar da ruwa saboda marin da ya sha. Ina tsakar gida lokacin da ya shigo. Kakana yana zaune yana gyaran igiya. Ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce, "Ka dawo? Jakin nan bai sha ruwa ba tun safe."

Baffa ya je ya ba jakin ruwa. Ban taɓa jin sun sake maganar ba. Duk wanda zai zargi Baffana a kan abin da ya faɗa wa matan nan ranar makoki, ya fara sanin wannan tukuna.

Ta biyu gwaggona ce, ɗiyarsa tilo, wadda ke aure a Madécali. A shekarar nan gonar mijinta ta ƙone, mijin ya tafi kudu neman aiki, ya bar ta da yara. Ta zo gidan ubanta. Ya auna mata abin da ya ga ya dace daga rumbu, daidai da abin da ya auna wa kowane ɗaki a gidan. Bai daɗe ba ya ƙare, ta dawo. A gaban matan gida ta ce masa, "Baba, a ƙara mani. Ko kalar gobe a bar mani in sa yara su tsinta, kafin matan su zo."

"Kalar ba tawa ba ce da zan ba ki," ya ce. "In kina da bukata ɗauki ƙwarya ki shiga cikinsu. Gona ba ta san ɗiya ba."

Mun zaci za ta yi fushi ta tafi. Da safe sai ga ta da ƙwarya. Ta shiga cikin baƙi da zawarawa, a gonar ubanta, ta duƙa. Masu yanka, waɗanda suka san ta tun tana yarinya, suka rasa inda za su sa idonsu. Labari ya zaga kasuwa, har mata suna yi mata waƙa a bakin rijiya. Ta yi kalar har ƙarshe, ta koma Madécali. Daga nan ba ta sake kwana a gidan ba har ya rasu. In salla ta zo takan gaida kowa, ta gaida shi daga bakin ƙofa, ta juya.

Alheri ɗaya na gani da idona wanda ba shi da ƙaya a jiki, kuma shi ma a ɓoye ya yi shi. Wata shekara akwai mai kala da cikinta ya tsufa, ba ta iya duƙawa sai ta durƙusa ta ja gwiwa. Sauran mata duk sun gama sun tafi. Makiyayi yana tsaye da shanunsa a bakin gona yana ta ƙorafi, rana ta take. An aike ni kai wa kakana fura. Na iske shi zaune a tsakanin shanun da gonar, ya juya wa matar baya, yana kwance wata tsohuwar igiya yana sake tufkawa. Igiyar ba ta da wata matsala. Ya tufka ya kwance, ya tufka ya kwance, har matar ta kai ƙarshen gonar ta fita, ba tare da ta ga wani yana jiran ta ba. Sannan ya miƙe ya ce wa makiyayin, "To shiga, kai da surutunka." Furar kuwa ya ce ta yi tsami.

Ciwonsa na ƙarshe bai daɗe ba. Babana ya ce bai yi wasiyya ba, bai nemi gafarar kowa ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne ko shinkafa ta sunkuyar da kai.

Ranar sadakar bakwai aka dafa abinci, aka yi addu'a, baƙi suka watse. Liman ya zauna da 'ya'yan marigayi uku a zaure. An sa ni kawo ruwa, kuma ba wanda ya ce in fita. Baffa ya ce shinkafa ba za ta jira arba'in ba, za a yanka cikin makon nan, a shimfiɗa buhuna, a bi sawu sau biyu, shanu su shiga. Ya ce ba mugu ba ne shi. Zai auna wa matan sadaka a ƙofar gida da sunan marigayi, kuma zai ba su abin da ya fi wanda suke tsinta.

"Wannan ma lada ne," in ji liman.

Babana ya kalli tabarma. Shi mutum ne da bai taɓa yi wa ubansa musu ba, yanzu kuma ya mai da wannan ladabin kan wansa. Ina son babana, amma a ranar na so ya ɗaga kai.

Gwaggo ce ta yi magana. Tun da ta zo ba wanda ya ga hawayenta, har mata suna gulmar haka.

"Malam, ɗiya na da gado a gona ko ba ta da?"

Liman ya yi gyaran murya. Ya ce tana da, rabin na namiji, amma a nan an saba mace ta bar nata a hannun 'yan'uwanta maza, su riƙa aika mata da abin da ya samu.

"An saba, ko an wajabta?"

"An saba."

"To a fidda mani nawa. Da shinkafar da ke kai. Kafin lauje ya shiga."

Baffa ya juyo da kunnensa na dama. "Mi kika ce?"

"Ka ji ni, Yaya."

"Ki raba gonar ubanmu ko kabarinshi bai bushe ba? Ke da ya sa ki kala kamar baiwa? Ke da anka yi ma waƙa?"

"Ni."

"Don shi?"

"Ba don shi ba. Ni da shi sai gaban Allah." Ta gyara mayafinta. "Kai kaso ka shiga, Yaya, na sani, kuma an zalunce ka. Amma ba ka taɓa riƙe ƙwarya ba. Da na tsaya gaban Baba ina roƙo, na ji kamar in nutse. Da na duƙa a gona, kunya ce ta mutane kawai, abin da na tsinta ba wanda na ce ma don Allah. Kai kana so su jeru ƙofarka, ka auna ma wadda ka ga dama, bana ka ba su, baɗi ka ce babu."

"To ki ci gonar. Amma in kika ja igiya a cikinta, kin ja tsakanina da ke."

Ya dubi liman, yana jiran ya hana. Liman ya ce abin da yake hakki ba zai ce ba hakki ba ne.

Aka je gona da igiya. Gwaggo ta riƙe baki ɗaya, ba wanda ya yarda ya riƙe ɗaya bakin, har sai da babana ya miƙa hannu ya karɓa, amma bai bar nasa rabon ya bi na gwaggo ba. Baffa ya zaɓa mata gefen kwari, inda ruwa ya daɗe kwance shinkafar ta yi ƙaranci. Kashi ɗaya cikin biyar, siriri, kamar zanen da aka shanya a bakin gona. Gwaggo ba ta yi gardama ba. Ta kafa turaku da hannunta.

Ban koma Kandi ba sai da aka yi yankan. A ɓangaren Baffa da babana an shimfiɗa buhuna, an bi sawu, an share ƙasa tas. 'Ya'yan gwaggo suka yanka nata yadda kakansu ke yi. Washegari da safe shanu suka shiga babban ɓangaren, gwaggo ta tsaya kan igiya da sanda tana kore duk saniyar da ta miƙo baki.

Matan suka zo, kuma sun zo da yawa, don sun ji an bar wani wuri. Wurin bai ishe su ba. Kafin rana ta yi zafi sun tsince shi. Biyu suka kama faɗa kan zangarniya ɗaya, har ɗaya ta yaga wa ɗaya zane. Tsohuwar nan Bazabarma ta karkata ƙwaryarta, abin da ke ciki bai rufe gindinta ba. Baffa ya biyo ta kan hanya da kekensa, ya tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa yana kallo.

"Ga adalcinku nan, ke da tsohonki," ya ce. "Ko tukunya guda bai kai ba. Don wanga kika rasa ɗan'uwa."

Gwaggo ta miƙa mini sandar ta ce in tsare shanun. Ta taka zuwa inda aka jera damunanta, waɗanda jaki zai kwasa zuwa Madécali, abincin gidanta na shekara. Ta zare lauje daga hannun ɗanta, ta tsinke ɗaurin dami ɗaya, ta sa ƙafa ta watsa shi. Ta tsinke na biyu. Ɗanta ya ce, "Inna, ai Kaka ba shi yarda a saki da gangan."

"Gonarshi ce?" ta ce.

Matan suka tsaya cirko-cirko, ba wadda ta motsa.

"Mi kuke kallo? Ya faɗi. Ku tsinta kafin shanun ga su fi ku wayo."

Suka duƙa. Baffa ya tofar da yawu, ya ce kada ta sake taka ƙofar gidansa, ya hau kekensa. Ta ɗora sauran damunan a kan jaki, ta kama hanyar Madécali daga nan bakin gona, ko kayanta da ke gidan ba ta koma ɗauka ba. Ranar arba'in ba a aika mata ba, ba ta zo ba. Dalage ya zo, ya sake yabon marigayi.

Ya Ubangiji, ga bawanka ya zo maka. Ya tsare wa marasa ƙarfi abin da ka zubar masu, bai bari an taɓa ba, ya kuma bar 'ya'yansa da raunukan da ba su warke ba. Kai ka san nauyin kowanne. Yanzu shi ne ba shi da ƙarfi, ba shi da gona, ba shi da mai tsaya masa. Kada ka auna masa daidai yadda ya auna wa ɗiyarsa. Ka ƙara masa.